Karkataccen Ɗinkin Herta

Duk wanda ya taɓa zama a unguwarmu ta Hadar, can kan gangaren birnin Haifa, ya san shagon Herta ko da bai taɓa shiga ba. Ɗan lungu ne tsakanin mai gyaran takalma da mai gasa gyaɗa, ba allo ba suna, sai keken ɗinki a bakin taga da tsohuwa a bayansa, tabarau a kan karan hanci. Shekara hamsin da 'yan kai tana gyaran tufafi a wurin. Ba ta ɗinka sabo. Abin da ya yage, abin da asu ya ci, wandon da tumbi ya fi ƙarfinsa, su ne nata.

Tana kuma da wata ɗabi'a mai ban haushi. Ka kawo mata kwat ɗinka na aure kana ta hura hanci, ko kallon fuskarsa ba za ta yi ba. Sai ta zura hannu ta juya shi ciki waje, ta bi shafin da ɗan yatsa, ta tsuke baki, ta ce, "Wa ya cuce ka?" Gaisuwarta ke nan. Ni kaina ta taɓa yi mini haka a gaban mutane, na kwana biyu ban bi ta layin ba. In ka yi ƙorafi ta ce, "Fuskar riga ai maƙaryaciya ce, ɗana. Gaskiya tana ciki." Shi ya sa 'yan unguwa suka laƙaba mata Juya-Riga, ita kuwa ko a jikinta.

A Vienna, babban birnin Ostiriya, aka haife ta. Mahaifinta, Emil Lowinger, tela ne, mahaifiyarta kuma Rozali. Tana da shekara shida 'yan Nazi suka karɓe garin, suka shiga bin gidajen Yahudawa suna kwashe abin da suka ga dama. Farkon shekarar 1939 ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Selma, ta samu takardar fita, ta ɗauko ta suka hau jirgin ruwa zuwa nan, a kan cewa iyayen za su biyo baya. Ba su biyo ba. Gwaggo Selma ce ta rene ta, ta koya mata allura, ta aurar da ita ga wani direban bas mai haƙuri, Naftali, wanda ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce.

Akwai abin da ke cin Herta wanda ba ta faɗa wa kowa. Fuskar uwarta ta ɓace mata. Tana tuna hannayenta, tana tuna ƙanshin sabulun da ke jikinta, tana tuna yadda take ɗan tari kafin ta kira sunanta, amma in ta rufe ido ta nemi fuskar sai ta ga fili. Hoto ko ɗaya bai tsira ba. Abin da Gwaggo Selma ta sha gaya mata kawai shi ne, a falonsu na Vienna akwai wani hoton Rozali da wani maƙwabci mai zane ya yi da fenti, ya ba su kyautar aure, kuma shi ma an tafi da shi.

Mutum ɗaya ce ta san wannan ciwo, wato Marsel Abutbul, mai zama a saman shagon. Marsel 'yar Maroko ce, ga murya ga jiki, ba ta iya dafa abinci ba tare da barkono ya sa duk bene atishawa ba. Shekara arba'in suna tare, kuma ban taɓa jin sun wuni ba su yi cacar baki ba. Marsel na kiranta Baturiyar ƙanƙara, ita tana kiran Marsel Rediyo. Amma ranar da Naftali ya rasu, Marsel ce ta kwana bakwai a ƙasa kusa da ita.

To, wata ranar Talata wani likitan haƙori ya kawo kwat ɗin sanyi, wai aljihu ya huje tun tafiyar da ya yi Ostiriya. Herta ta juya kwat ɗin kamar yadda ta saba. Can cikin shafi ta ji takarda ta maƙale, ta zaro. Takardar talla ce ta wani gidan adana kayan tarihi mai zaman kansa a wani gari kusa da Vienna, da ƙananan hotuna a jere. Ɗaya daga cikinsu, bai fi kwalin ashana ba, mace ce zaune a bakin taga da kwanon 'ya'yan itace a cinya. A ƙasa an rubuta, "Matar da ba a san sunanta ba."

Ba fuskar Herta ta kalla ba, wuyan rigar ta kalla. Ninki uku ƙanana a gefen hagu, maɓalli a ɓoye a ƙarƙashin na tsakiya. Haka mahaifinta yake yanka wuyan riga, haka ya koya wa Gwaggo Selma, haka Gwaggo Selma ta koya mata. Nan take ta ɗora babban yatsanta a kan fuskar ta rufe.

Marsel ta sauko ta tarar da ita a haka. Da ta ji labari ta ce, "To ɗaga yatsan mana mu ga uwar tamu!"

"Ba zan ɗaga ba."

"Ke dai Allah ya shirye ki. Shekara saba'in kina neman fuska, yau ta zo har cikin aljihu, kin danne ta kamar kuɗin cizo?"

"In na kalla, zuciyata za ta kama ta," in ji Herta. "In kuma daga baya aka ce ba ita ba ce fa? Na yi maraici sau ɗaya, Marsel, ba zan yi na biyu ba. Ba zan ce wa matar wani Mama ba sai na tabbata."

Ta yanko ɗan ƙyalle ta liƙa a kan fuskar, ta sa takardar a akwatin zare.

Cikin masu kawo mata gyara akwai wata lauya, Orna, mace mai saurin magana da saurin tafiya, wadda kullum bakin siket ɗinta a warware yake. Ita ta karɓi maganar. Aka fara rubuce-rubuce. Mutanen gidan tarihin nan, kai, ban taɓa ganin masu iya cewa a'a da ladabi kamarsu ba. Suna matuƙar jimami, suna girmama abin da ya faru, amma wanda ya kafa gidan ya sayi hoton a gwanjo a 1941, kuma mai zanen ya zana mata da dama a unguwar, shin Uwargida tana da wata shaida a rubuce? Wace shaida, jama'a? Yarinyar da aka fitar da ita da riga biyu da ɗan bargo? Shekara huɗu ana wannan jeka-ka-dawo, har Herta ta cika saba'in da bakwai. Daga ƙarshe Orna ta ce tura ta kai bango, sai kotu.

Marsel ta ce ƙafarta ƙafar Herta. "Wa zai ba ki abinci a can? Su da ba su san gishiri ba?" Ta cika jaka da dafaffen ƙwai da zaitun da kwalbar yajinta, suka hau jirgi su uku zuwa Ostiriya.

Ranar shari'a Herta ta tsaya ta yi magana da Jamusancin yarintarta, wanda ya tsufa a bakinta har alƙaliyar ta ɗan yi murmushi. Lauyan gidan tarihin, wani dogo mai furfura da taushin murya, ya bari ta gama, sannan ya zaro wata tsohuwar takarda.

"Uwargida, wannan rubutunki ne?"

Nata ne. A 1962 ta taɓa rubuta wa wani ofishi mai neman kayan da suka ɓace lokacin yaƙi, har ta manta. Lauyan ya karanta a hankali. A wasiƙar ta ce matar da ke hoton a tsaye take, gashinta baƙi har baya, tana riƙe da furanni.

"Matar da ke namu hoton a zaune take," in ji shi. "Gashinta ja-ja ne, a naɗe. Babu fure. Wuyan riga irin wannan kuwa, wa ya san tela nawa suka yanka shi a Vienna? Ba na son in ɓata miki rai, amma dole in tambaya. Kin gane fuskar matar nan?"

Orna ta ƙura mata ido. Marsel, wadda ba ta jin ko kalma, ta fahimci inda aka dosa, tana ta gyaɗa kai da ƙarfi daga benci.

"Ranka ya daɗe," in ji Herta, "ban kalle ta ba. Ko na kalla ma ba zan gane ba. Na manta fuskar uwata."

Alƙaliya ta ce a tafi hutun rana.

A kan benci a waje Marsel ta dira mata. "Ke wace irin mace ce? Ki ce eh mana! Eh kawai! Wa zai shiga cikin kanki ya duba?"

"Ƙarya a kan uwata?"

"Su da suka yi sata a kan uwarki fa?" Ta fasa ƙwai a gwiwa da haushi, ta tura mata. "Ci. Wallahi kin ba ni mamaki, Baturiya. Shekara arba'in kina cika mana kunne, fuskar riga maƙaryaciya ce, fuskar riga maƙaryaciya ce, kin kunyata rabin mazan Hadar. Yau ga ki kin ƙetare teku kina shari'a a kan fuskar hoto. Shi hoton ba shi da ciki ne?"

Herta ta tsaya da ƙwai a hannu. Orna ta taɓa kafaɗarta ta ce, "Inna, lafiya?"

"Yana da baya," in ji Herta a hankali. "Orna, na san bayansa. Duk takardun da kuka ba ni cewa suke in faɗi abin da hoton ya nuna. Ba wanda ya taɓa tambayata bayansa."

Da aka koma ta nemi izini ta ƙara magana. A al'adarmu ta Yahudawa, in an yi rasuwa, kwana bakwai ake zaman makoki. Masu makoki a ƙasa suke zama ko a kan 'yar kujera, a rufe madubai da ƙyalle, a gidaje irin nasu Herta kuma har hotunan mutane ake juyawa su fuskanci bango. Sai bakwai ta cika wani daga cikin gida ya tashi ya mayar da su, a ce wa masu makoki su tashi. Wannan ta yi wa kotu bayani a taƙaice, sannan ta ce:

"Kakana, mahaifin Mama, ya rasu a watan Nuwamba na 1938. Baba ya juya hoton. Wurin zamana a ƙasa yana daidai ƙarƙashinsa. Ba wasa, ba fita, ba abin kallo, sai bayan hoton nan. Kwana shida ina kallonsa. A rana ta shida, da hantsi, suka buga ƙofa. Suka kwashe keken ɗinki, da agogo, da cokula, suka cire hoton yadda yake, fuskarsa a bango, suka fita da shi. Bakwai ba ta cika ba. Shi ya sa gabansa ya ruɗe mini, ranki ya daɗe, amma bayansa yana nan a idona kamar tafin hannuna."

"Me ke bayan?" in ji alƙaliya.

"Maho. A ƙasa, ta hannun dama in kina kallon bayan. Ƙusa ta taɓa yaga yadin lokacin da muka yi ƙaura. Baba tela ne, bai san wani mai gyaran hoto ba, sai ya yanko shafin kwat, kore mai ratsin fari, ya yanka shi kamar aljihu, ƙasansa a zagaye, ya liƙa da gam. Gefe ɗaya ya ƙi kamawa, sai ya kama shi da jan zare a jikin bakin yadin. Ɗinki goma sha ɗaya. Goma a miƙe suke kamar sojoji. Na ƙarshen a karkace yake, ya fi sauran tsawo." "Ni na yi shi. Na dame shi da kuka, ya ɗora ni a cinya ya ba ni allurar. Shi ne ɗinkina na farko a duniya."

Dogon lauya ya miƙe. Ya ce tun shekarun 1950 aka rufe bayan hoton da siririn katako saboda danshi, ba a taɓa buɗewa ba, babu ma hoton bayan a cikin takardunsu, kuma cire katakon na iya yi wa zanen lahani. Allah sarki, bai san ya haƙa wa kansa rami ba. Alƙaliyar ta cire tabarau ta ce, "Wato kana gaya mini babu yadda za a yi matar nan ta ga bayan hoton a cikin shekara hamsin da suka wuce?" Ta ba da umarni ƙwararriya ta buɗe shi jibi da safe a gaban kowa, sannan ta ce a ba Herta takarda ta zana mahon tun yanzu, a rufe a ambulan.

"Ban iya zane ba," in ji Herta. "A bar ni da abin da na iya."

Ta buɗe jakarta ta fito da allura da jan zare, don ba ta taɓa fita ko'ina ba tare da su ba. A kan farin hankicinta, a gaban kotu, ta yi ɗinki goma a miƙe. Da ta zo na sha ɗaya hannunta ya ƙi. Shekara saba'in tana hana shi karkacewa, yau an ce ya karkace. Sai da ta rufe ido sannan ta soka.

Hukunci bai fito ba sai bayan wata biyar, kuma ya ba Herta hoton. Yau yana rataye a shagon nan na Hadar, sama da keken ɗinki, da ɗan allo a ƙasansa mai cewa Rozali Lowinger, kuma 'yan makaranta har layi suke yi su leƙa. Wasu iyalai biyu ma da suka ji labari sun je wurin Orna da nasu tsofaffin takardu. Amma ni in za a bi ta tawa, shari'ar ta ƙare ne tun a safiyar nan, a ɗakin gyara na gidan tarihin.

Ɗaki ne fari mai manyan tagogi. An kwantar da hoton rub da ciki a kan tebur mai laushi. Wata mata mai farar safar hannu ta shiga zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har Marsel ta fara huci tana cewa da ita ce da tuni ta gama da cokali. Aka ɗaga katakon. Ƙura ta ɗan tashi.

Ga shi nan, a ƙasa ta hannun dama. Koren ya koɗe ya koma kalar ganyen da ya bushe, amma ratsin fari na nan, ƙasan a zagaye kamar aljihu. Alƙaliya ta buɗe ambulan ta shimfiɗa hankicin a gefe. Mai safar hannu ta sunkuya da gilashin ƙara girma tana ƙirgawa a fili. Ɗaya, biyu, uku. Marsel ba ta jin yaren, amma tana bi da yatsu. Da aka kai goma matar ta ɗago ta dubi Herta.

"Sha ɗaya," ta ce. "A karkace."

Marsel ta rangaɗa guɗa irin ta mutanen Maroko, a cikin ɗakin da ko tari ba a yi da ƙarfi, har mai gadi ya leƙo a guje. Orna na kuka tana dariya. Dogon lauya ya matso, ya ɗan rusuna, ya ce, "Uwargida, ki yafe mini tambayar da na yi miki." Herta ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Aikinka ka yi, ɗana. Amma maɓallin hannun kwat ɗinka na gab da faɗuwa, ka sa a duba maka."

Sannan ta miƙa ɗan yatsa ta taɓa karkataccen ɗinkin. Ba wanda ya hana ta.

Mai safar hannu ta tambayi alƙaliya ko a juya hoton. Herta ta ce, "A'a. Ba baƙo ke juyawa ba. Sai ɗan gida." Ta waiwaya. "Rediyo, zo ki kama mini wancan gefen, ya fi ƙarfina."

"Ni 'yar gida ce?" in ji Marsel, muryarta ta yi ƙasa karo na farko a tarihi.

"Wa ya zauna mini bakwai ɗin Naftali? Kama mana, kina ɓata mini lokaci."

Tsofaffin nan biyu suka kama katakon gefe da gefe, mai safar hannu na tallafa musu, suka ɗaga shi suka juya, suka jingina shi ya fuskanci taga.

Yarinya ce, ba ta fi ashirin da biyar ba. Jan gashi a naɗe, goshi mai faɗi, bakinta a ɗan tsuke kamar wadda aka kawo wa rigar da ba ta gamsu da ɗinkinta ba. Herta ta tsaya tana kallo, tana kallo, hannunta a kan ƙirji.

Marsel ta dubi hoton, ta dubi ƙawarta, ta sake duban hoton, ta share hanci da bayan hannu. "Kai! Ashe wannan tsuke bakin da kike kashe mu da shi gado ne. Shekara saba'in kina nema, alhali kullum da shi kike tarar mutane."

Herta ta matsa dab da hoton, ta gyara tabarau, ta ɗan yi tari, sannan ta yi magana da Jamusancin 'yar shekara shida.

"Mama, ni ce. Yi haƙuri na daɗe. Tashi, bakwai ta cika."